Daren Laraba a Shagon Graciete

A Porto ruwa ya kwana uku bai ɗauke ba,
duwatsun titi sai santsi kamar bayan tarwaɗa.
Muka gangara matakala goma sha ɗaya
zuwa ɗakin ƙasa na shagon Graciete,
inda akwatunan wasa suka goya juna har rufi,
waɗansu ko ledarsu ba a ɓare ba,
sababbi fil, da ƙamshin tawada.

Amma ba su suka tara mu ba yau.
Anselmo ne ya shigo da kwalin takalmi a hammata,
riga jagab, tabarau ya yi gumi.
Shekara talatin yana fito a kogi,
shekara biyu yana yanka kwali da almakashi,
yau ya ce wasansa ya nuna, a zo a ɗanɗana.

Ya shimfiɗa allo, teku ce ta shuɗin alli,
gam ya daskare a gefenta kamar ƙaro.
Murafun kwalba su ne jirage,
wake kuwa kifi. Ya ce mu yi haƙuri,
na katako sai ranar da kamfani ya taya.
Kati arba'in da tara, duk rubutun hannu,
kowanne da iskar da yake kaɗawa,
sai guda ɗaya baƙi wuluk
mai suna Guguwa.

Ya karanta dokoki har gahawata ta huce.
Telmo ya yi hamma, ya ce a fara, ma koya a hanya.
Kujera ta huɗu babu kowa,
sai Graciete ta turo jikarta Noémia,
'yar shekara goma sha ɗaya, tana tauna igiyar rigarta.

Na jefa ƙwaya, shida ta fito,
na nausa tsakiyar teku ina taƙama.
Telmo ya biyo ni. Anselmo ya san kowane lungu,
ya cika jirginsa har wake na zuba.
Ita ko yarinyar ba ta motsa ba.
Zagaye ɗaya, biyu, biyar,
murfinta na nan ɗaure a bakin gaɓa.
Muka ce tsoro ne. Ta ɗaga kafaɗa.

Sai baƙin kati ya faɗo.
Muka komo da jirage a farfashe,
kowa na neman kuɗin gyara kafin duhu,
ita kaɗai ke da kuɗi a tafin hannu.
Ta saye kifina rabin farashi,
na Telmo ƙasa da haka,
na Anselmo ma ba ta ɗaga masa ƙafa ba.
Da aka ƙirga, tudun wakenta ya rufe namu,
alhali ko ɗigon ruwa bai taɓa jirginta ba.

Telmo ya buga tebur, ya ce wasan na da ɓaraka,
wanda bai shiga ruwa ba ya ci, ina aka taɓa?
Ni ma na ce a ƙara doka, a toshe.

Anselmo ya zaro fensir daga bayan kunne.
Ya daɗe yana kallon tudun waken nan.
Muna jin ruwa yana bin bututu a bango.
Can ya ce, ubana ya yi shekara arba'in a teku,
gidan da muka girma a ciki
na mai sikelin bakin gaɓa ne.
Ban san na rubuta wannan ba.

Ya mayar da fensir inda yake.
Ya tattara katunan, ya cakuɗa su a hankali,
ya ce a sake, amma yanzu kowa ya sani.

Sai bayan sha biyu muka haura sama.
Ina laluben makulli a ƙofar gida
na ji ƙwayar wake ɗaya a aljihu.
Ranar Laraba zan mayar masa,
kifinsa ƙirgaggu ne.